Gauɗen Bayan Katangar Maƙabarta

Da aka sallamo Hajo daga asibiti a Malumfashi, kowa a unguwarmu ta Tsiga ya gane ma'anar sallamar, amma ba wanda ya furta. Ni na furta, a kunnen maƙwabta kawai. Hajo ƙawata ce tun muna tallan dafaffiyar gyaɗa. Idanunta sun daɗe da tafiya, ga ƙafafu sun kumbura.

Ɗanta na fari, Abdulrahman mai shagon taki a Funtua, ya tambaye ta abin da take marmari. Ya zaci tsire za ta ce. Ta ce furen gauɗe take so ta shaƙa, ko sau ɗaya.

Ya biyo ni zaure. "Gwaggo Suwaiba, dama gauɗe yana fure?"

"A'a, ƙwai yake nasawa," na ce masa.

Ba laifinsa ba ne. Gauɗe ɗan itace ne, da ƙyar yake wuce tsayin mutum, rassansa gajeru masu tauri, uku-uku suke fita, ganyen ya taru a can baki. Ba ya son fadama. Tudu mai jar ƙasa da tsakuwa yake bi, wutar daji ta cinye shi ya sake tohowa. Idan bazara ta yi, zafi ya hana kowa sakat, sai ya fitar da fure fari tas da yamma, washegari ya koma rawaya. Da 'ya'yansa muke zanen baƙi a fuska muna 'yan mata.

Abdulrahman ya ɗauke ni a mashin muka bi gonaki. Gauɗe kam ga shi nan, amma duk kututture. Kowace shekara masu sassabe suna sare shi, ya toho, a sake sarewa, wani ma a bi shi da feshi. Yaushe zai girma har ya yi fure? Aka ce akwai manya a dajin yamma, to wannan dajin yanzu ko masu itace sun daina shigarsa. Muka dawo hannu biyu. Hajo ta juya fuskarta bango.

Ranar Talata ina dawowa daga barkar haihuwar Mansura maƙwabciyarmu, na ratsa ta bayan maƙabarta don kada in gamu da wata da na yi wa aika-aikar baki. Sai ƙamshi ya tsayar da ni cak. Na yi ɗage na leƙa ta saman katanga. Ga gauɗe can tsakanin kaburbura, inda adda ba ta taɓa shiga ba, ya yi fari kamar an shanya masa likkafani.

Na ƙwala wa Sanda mai gadin wurin kira. "Malam Sanda, reshe ɗaya, don Allah. Hajo ce."

"Haba Iya. Abin da ya tsiro a kan bayin Allah a kai wa mara lafiya ɗaki? Ba da hannuna ba."

Na roƙe shi, na zage shi, na tuna masa ni na goya shi. Ya ƙi. Ni kuma mace, ba na shiga.

Na je na ce wa Abdulrahman tunda ba za a kawo mata ba, sai a kai ta.

Ya zaro ido. "In kai mahaifiyata maƙabarta da ranta? Me gari zai ce?"

"Mai yaɗawar ai ni ce, kuma ina cikin tafiyar. Wa ya rage?"

Bai yi dariya ba. Sai muka ji muryar Hajo daga ɗaki. Ba ta kiran sunan ɗan fari, da ni ta yi magana. "Suwaiba, gaya wa yaron nan, can ɗin dai zai kai ni. Ya kai ni yanzu da hancina a buɗe."

Bayan la'asar aka samo keke napep, aka jera mata matasai. Mata sun leƙo ta kowace ƙofa. Muka tsaya a gindin katanga daga yamma, aka kashe inji.

Shiru. Iska ko ɗis babu. Hajo tana ɗaga hanci, ba abin da take ji sai warin mai. Abdulrahman yana duban hanya, yana duban rana. Na ga ya buɗe baki zai ce a koma, na danne masa ƙafa.

Can hadari ya ɗan taso daga gabas, iska ta biyo ta kan kaburbura ta tsallako katanga. Hajo ta damƙe hannuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Shi ne," ta ce. "Fari ne ko ya juya?"

Sanda ne ya amsa daga ciki. "Fari ne, Iya. Yanzu suke buɗewa."

"Akwai wuri kusa da shi?" Hajo ta tambaye shi.

Ya ce, "Akwai. Allah ya ƙara sauƙi."

Aka kira magariba. Mai keke ya kai hannu zai tayar da inji, Abdulrahman ya riƙe hannun, fuskarsa a jiƙe. Hajo ta jingina kanta a kafaɗata tana jan numfashi a hankali, tana sakewa, tana sake ja.