Kukan Boris

Yohanna direba ne tun gashinsa na baƙi. Ɗan Ibeto ne, amma a tashar Kontagora ya ƙarar da ƙuruciyarsa, yana jigilar mutane da buhuna zuwa Yawuri. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, sai ya ɗauke masa ƙafar hagu, ya nauyaya masa harshe, ya bar masa hannu ɗaya lafiyayye, ɗaya mai rawa. Matarsa Asibi ta rasu tun kafin nan. 'Yarsa Patience tana aikin jinya a Minna, sai ƙarshen wata take leƙowa. Ita ta kawo masa motar wasa mai rimot, ja, ba ta fi takalmin ƙato girma ba, ta ce tunda an hana shi babba, ya riƙa rage zafi da ƙarama. Ya galla mata harara. Da ta tafi kuwa, bai ajiye rimot ba sai da batir ya mutu.

Motar nan ta zama 'yar aikensa. Can ƙarshen layi, gaba da injin niƙa, Malam Nababa, tsohon malamin firamare, yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan la'asar. Muryar Yohanna ko bakin kwata ba ta kaiwa, a waya kuma kunyar harshensa yake ji. Sai ya ɗaure goro da roba a kan motar ya tura ta. Malam ya kwance goron, ya miƙe, ya biyo motar a baya kansa sunkuye har gaban kujerar Yohanna. Nan zai zauna ya yi ta zuba, labarin ɗaliban da suka zama manya suka manta da shi, Yohanna na ƙaryata shi da ido. In an kusa magariba kuma Malam ya kafe sai motar ta raka shi gida, wai ba a sallamar baƙo haka kawai. Abokan tasha sun zo dubiya da farko, sun yi addu'a, sun ɗauke ƙafa. Wannan zaman kaɗai ya rage wa Yohanna, kuma ya sani.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne kukan motar. Tun damina yashi ya shige boris ɗin tayoyin, 'yan zobban nan masu ƙwallaye da taya ke juyawa a kansu, tana tafe tana ƙiiii kamar kurar mai ruwa. Kaji su watse, 'yan acaɓa su yi dariya. Mutumin da a zamaninsa ko ƙofar motarsa ba ta isa ta yi ƙara ba. Ya taɓa yi wa Malam ƙorafi, Malam ya ce ya bar ta haka, ai muryarta ce. Yohanna ya ce a ransa, malamin makaranta me ya sani a mota?

Wata safiya ya ɗora faranti a cinya ya kama aiki. Ya kwance tayoyin, ya turo boris ɗin waje, kowanne bai fi maɓallin riga ba. Da tsinin allura ya ɗaga 'yar robar da ke rufe ƙwallayen, ya jefa su cikin murfin kwalba da fetur, ya yi ta girgizawa har fetur ɗin ya yi baƙi, yashi ya kwanta a ƙasa. Ɗaya ya suɓuce daga hannun nan mai rawa ya gangara ƙarƙashin kujera. Ya daɗe yana lalubensa da sanda yana gumi, gidan shiru, ba wanda zai ce wa miƙo min.

Da suka bushe sai maganar mai. Baƙin mai ya yi musu nauyi, man gyaɗa kuwa gayyatar kiyashi ne. Ya ja jiki zuwa keken ɗinkin Asibi, ya zaro 'yar kwalbar man da ke cikin aljihun teburin. Yana buɗewa ƙamshin ɗakinsu na da ya buge shi, ya zauna riƙe da kwalbar, yana kewar Asibi. Daga baya ya ɗiga wa kowane boris ɗigo guda, ya soka shi a tsinke ya murza. Yana juyawa sumul, ko ƙus babu. Ya ɗaga kai don ya nuna wa wani, ba kowa sai ƙadangare a kan katanga.

Aikin ya cinye masa kwana biyu. Ran da ya gama, ya zaɓi farin goro ya ɗaure, ya tura motar yana hura hanci. Ta sulale kamar ruwa, ta tsaya daf da tabarmar Malam. Malam bai motsa ba. Yohanna ya ja ta baya, ya sake matsar da ita. Ko kallonta Malam bai yi ba. Haka ta dawo da goronta.

Kashegari ma haka. Yohanna ya ce shi ke nan, wannan ma ya gaji, dama wa zai jure zama da mutumin da kalma ɗaya ke ɗaukar masa rabin yini. Ya cinye goron don haushi, idonsa na ƙaiƙayi.

Duk da haka zuciya ba ta bar shi ba, ya sake turawa. Wannan karon ya bar kallon motar, ya zuba wa mutumin ido. Malam na zaune ya karkatar da kai, kunnensa ɗaya yana fuskantar gidan Yohanna. Can carbinsa ya zame daga hannu. Ga shi nan a gefen gwiwarsa, amma Malam ya shiga shafa tabarma da tafin hannu, nesa da inda yake.

Yohanna ya sauke rimot a cinya. Yaushe rabon da ya ga littafi a hannun mutumin nan? Ashe sunkuyar da kan nan sauraro ne, rakiyar nan kuma ba wasa ba ce. Idon Malam ya tafi, bai gaya wa kowa a layin ba, kukan boris yake bi ya zo, shi yake bi ya koma. Kwanakin nan duka yana zaune yana jiran a aiko.

Ya dawo da motar. Ya kwance tayoyin baya, ya ɗaga robar da allura, ya sunkuya da ƙyar ya ɗebo yashi da yatsu biyu. Ya ɗan tsaya yana kallon ƙwallayen suna ƙyalli, sannan ya barbaɗa.

Ƙiiii. Kaji suka watse. Motar ba ta kai injin niƙa ba Malam ya ɗaga kai. Ya lalubi goron, ya miƙe, ya biyo. Yohanna ya tuƙa a hankali, ya kauce wa bakin kwata, ya zagaye dutsen da ke tsakiyar layi, irin tuƙin da yake yi a da in ya ɗauko mai naƙuda.

Malam ya sami benci ya zauna yana haki. "Direba, na zata ka gaji da ni ne."

Yohanna ya yi ta kokawa da harshensa. "Mota ce, Malam. Ba lafiya."

"To, ta warke?"

"Ta warke."