Faifan Kulochi

"Sassauta igiyar, Tela! A hankali mana, ba zare kake ja ba."

Tela yana durƙushe a kujerar gaba, ya naɗe igiya a hannu biyu, ɗaya bakinta ya bi ta ramin sandar giya ya sauka ƙarƙashin motar. Ba ya ganin mai maganar, ƙafafunsa kawai yake hangowa ta ƙofa, sun leƙo a kan wani yagaggen kwali. Igiyar ta ci masa tafin hannu. Can ya ji nauyin ya sake shi, ƙarfe ya dira a kan katako, tim.

"Ya sauka," in ji Baba Direba daga ƙasa, yana haki. "Giyabos ya sauka. Tsohuwa, kin ji?"

Inna tana zaune a ƙofar ɗaki a kujerar ƙarfe, an tokare ta da matashi ta ɓarin da ya shanye. Ta yi wani sauti daga maƙogwaro, bakinta ya karkace.

"Ta ce sannunmu," in ji Baba.

"Ni dai ban ji sannu ba," in ji Tela.

"To, ta ce ka yi ƙiba. Rufa maka asiri na yi."

Da ya jawo jikinsa waje, riƙe yake da wani faifan ƙarfe mai faɗin faranti. Ya goge shi da tsumma ya miƙa wa Tela. Gefensa ya cinye, ya yi sulɓi, kawunan ƙusoshin duk sun fito.

"Faifan kulochi ke nan. Shi ya zaunar da mu. In aka samu wani, an gama."

"Ko in ɗinka maka sabo?"

"Kai da ka yi mini wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya?"

Katanga ɗaya ce ta raba shagon Tela da tsakar gidan Baba Direba. Tun Tela yana koyon sa maɓalli ya san motar nan. Ta kamfanin da Baba ya yi wa tuƙi ce, da ya ajiye aiki suka sallama masa ita. A lokacin ma ta tsufa. Yanzu fentinta ya koɗe, ƙofar baya sai da dabara take buɗewa, amma injinta Baba bai taɓa yarda hannun wani bakanike ya taɓa shi ba. Da ita yake kai Inna asibiti kowane mako tun da ɓarin jikinta ya shanye, a yi mata gashi da motsa jiki. Har yatsunta sun fara warwarewa, har ta fara riƙe cokali.

Da motar ta tsaya, ya gwada tasi sau ɗaya. A hanyar dawowa aka shiga cunkoso, fitsari ya kufce wa Inna a kujerar mutane. Direban ya tsaya a bakin titi ya sauke su, yana ta masifa, jama'a suna kallo. Tela ne ya je ya taya Baba kamo ta. Tun daga ranar, ko sunan tasi aka ambata sai ta rufe ido ta juya fuska ga bango. Yatsun da suka warware suka koma suka dunƙule.

Ɗansu yana aiki a wani gari mai nisa. Ya kan bugo waya, Baba ya sa ta a fili don Inna ta ji murya.

"Baba, don Allah ka rabu da gwangwanin nan. Shekarunka sun wuce kwanciya a ƙarƙashin mota."

"To, na ji."

"Kullum ka ji. Ka bari in samu hutu in zo mu san abin yi."

"Allah ya kawo ka lafiya. Ga uwarka."

Neman faifan ya ci makonni. Baba ya kan naɗe tsohon a jarida ya fita da hantsi, matar Tela ta riƙa leƙa Inna. Masu shagunan kayan mota sai su juya faifan a hannu su yi dariya. Wani ya ce tun kafin a haife shi aka daina ƙera irinsa. Wani ya sayar masa da mai kama da shi, ya rantse ɗaya ne, aka zo gida haƙoran tsakiya suka ƙi shiga sandar, da ya mayar kuma aka ce kaya in ya fita ya fita. Wani mai walda ya ce zai liƙa masa sabuwar fata a kan tsohon, ya liƙa, ta ɓanɓare a hannu tun kafin a ɗaura.

Ranar da aka ba shi labarin wani filin 'yan gwangwan a bayan gari, Tela ya rufe shago ya bi shi, don ya lura tafiyar tsohon ta canza. Sai ya yi ɗan taku ya tsaya, kamar mai duba wani abu a ƙasa.

Filin ya fi ƙarfin ido. Motoci ne a kan motoci, wasu babu ƙofa, wasu babu rufi, ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai, ƙarar guduma ta ko'ina. Mai wurin yana zaune a kan kujerar bas da aka ciro, yana sakace. Ya dubi faifan bai ko karɓa ba.

"Akwai 'yar'uwarta can ƙarshen katanga. Amma yarana ba su da lokacinta. In kuna so ku kwance da kanku."

Suka same ta kife a gefe ɗaya, ciyawa ta fito ta cikin gilashin gaba. Baba ya zagaya ta, ya dafa bayanta.

"Ke ma haka suka yi miki?"

Ya shimfiɗa kwali, ya zazzage sifanu daga buhu. Notocin sun yi tsatsa, sai an zuba kalanzir an jira, an sa bututu a kan sifana mutum biyu sun danna. Rana ta take. Tela, wanda hannunsa bai saba da abin da ya fi almakashi nauyi ba, ya ɗaye fatar yatsu biyu. Da la'asar giyabos ya rabu da inji, Baba ya zura hannu ya zaro faifan. Da saura sosai a jikinsa. Ya haɗa shi da tsohon, haƙori ya hau haƙori.

Ya zauna daɓas a kan taya, ya danne ƙirji da faifan, gumi yana bin gemunsa. Leɓɓansa sun yi fari fat.

"Baba, lafiya?"

"Olsa ce. Ban karya da kyau ba."

"Olsa ba ta riƙe wa mutum hannun hagu. Tun ɗazu nake ganin kana yarfe shi. Mu biya asibiti daga nan."

"Da wannan dattin? Su ce mahaukaci aka kawo." Ya yi ƙoƙarin dariya, tari ya sarƙe shi. "Bari motar ta tashi. Ranar da zan kai tsohuwa sai su duba mu tare, su huta."

"Zan gaya wa ɗanka."

"Ka gaya masa, ya zo ya kwashe mu ya kai mu bene. Wa zai gane maganarta a can? Matarsa?" Ya miƙo hannu. "Tashe ni."

Tela bai buga wayar ba. A hanya Baba ya rungume faifan a cinya cikin bas, yana ta lissafa abin da ya rage: a ɗaura, a daidaita, a ɗaga giyabos, a zuba mai. Aikin wuni ɗaya.

Washegari wata mata ta zo ta zauna wa Tela a shago, ta ce ba za ta tashi ba sai da kayan makarantar 'ya'yanta, don ya sha yi mata alkawari. Baba ya leƙo ta kan katanga.

"Yau fa?"

"Baba, ka ga halin da nake ciki. Ka jira ni zuwa azahar. Kada ka ɗaga ƙarfen nan kai kaɗai."

"Faifan kawai zan ɗaura. Je ka, kada ta cinye ka."

Tela ya hau keken ɗinki. Matarsa ta tafi kasuwa. Ta bayan katanga yana jin ƙarar sifana jefi-jefi, da muryar Baba yana yi wa Inna hira, yana ba kansa amsa. Daga baya hirar ta ɗauke, aka fara bugu. Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Tela ya ce a ransa tsohon ya samu abin da ya ƙi shiga. Ya gama riga ya ɗauki wando. Bugun bai tsaya ba, bai kuma yi sauri ba.

Mai jiran kayan makarantar ce ta ɗago kai. "Wannan maƙwabcin naka ba ya gajiya?"

Tela ya ɗauke ƙafa daga keken. Da shagon ya yi shiru sai ya ji ba ƙarar guduma ba ce. Ta fi guduma kaifi, kuma ba daga wajen motar take fitowa ba, daga ƙofar ɗaki ne.

Ya fita ko takalmi bai sa ba.

Inna ta zame daga matashin, rabin jikinta ya rataya a hannun kujera. Da hannunta mai lafiya take buga kofin silba a ƙafar kujerar, kofin ya lotse ya koma kamar ba kofi ba. Bakinta a buɗe, murya ta ƙare, iska kawai ke fita. Idonta yana kan motar.

Ƙafafun Baba suna nan a kan kwali yadda ya saba ganinsu, ɗaya a miƙe, ɗaya a ɗan lanƙwashe.

"Baba. Baba, ga ni na zo."

Ya durƙusa ya leƙa. Motar ba ta faɗo ba, tana zaune daram a kan kututturan da aka tokare ta. Giyabos yana sama, a mazauninsa. Shi kaɗai ya ɗaga shi, da jak da guntayen katako, har ya kama notoci na sama. Sifana tana kwance a ƙirjinsa, idonsa a buɗe yana kallon cikin motar.

Tela ya kama kwalin ya ja. Jikin ya biyo shi da nauyi.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Sai a lokacin kofin ya faɗi daga hannun Inna.

Kafin maƙwabta su cika gidan, Tela ya gyara mata zama, ya ɗauko kalanzir da tsumma ya zauna a ƙasa yana goge hannun mamacin. Bai san me ya sa ba, ya dai ga bai kamata mutane su same shi haka ba. Baƙin mai ya fita daga tafin, amma na cikin tsagar fata da ƙarƙashin farce ya ƙi. Inna ta yi sauti. Ya ɗago. Ta sake yi, ta fi na farko tsawo, tana dubansa.

"Ruwa, Inna? Ɗaki za ki shiga?"

Ta rufe ido.

Ɗan ya iso washegari, bayan an riga an kai uban. Mutum ne mai sanyin hali, ya yi kuka a shagon Tela kamar yaro. Ya tambaya ko Baba ya taɓa kukan wani ciwo. Tela ya gaya masa abin da ya gani a filin 'yan gwangwan, bai rage komai ba. Ɗan ya ce, "Ko ka bugo, da ba zai ji ba."

Kwanakin da suka biyo baya, ta katanga yana jin ɗan yana fama da uwarsa.

"Me kike so, Inna? Wannan? A'a? To wannan? Don Allah ki nuna mini da hannu."

Wani bakanike a cikin masu gaisuwa ya leƙa ƙarƙashin motar ya ce aiki kaɗan ya rage, in ana so ya ƙarasa. Ɗan ya ce ko ganinta ba ya son yi. Ya aika aka kira 'yan gwangwan. Suka zo da babbar mota da sarƙa, suka ciro kututturan, suka ja ta. Tayoyin baya sun sace, haka ta bi lungun tana kartar ƙasa, yara suna biye. Matar Tela ta so ta juya kujerar Inna ta fuskanci ɗaki, Inna ta riƙe ƙyauren da hannu ɗaya, ba ta saki ba sai da ƙarar ta ɓace.

Ranar tafiya, tasi ce ta tsaya a bakin lungu, don ba ta iya shigowa. Da Inna ta hango ta sai ta fara girgiza kai, tana wannan sautin.

"Ba nisa, Inna," in ji ɗan. "Tasha kawai za ta kai mu."

"Tsoron tasi take yi," in ji Tela.

"To, ya zan yi, Tela? Gaya mini. Ya zan yi?"

Ɗan ya durƙusa, aka ɗora masa ita a baya. Ba ta da nauyi. Ya bi lungun da ita, ƙafarta mai lafiya ta maƙale a ƙugunsa, ɗayar tana reto. Tela da matarsa suka biyo da jakunkuna. Aka shimfiɗa leda a kujerar baya kafin a zaunar da ita, tana kallo ana shimfiɗawa. Tela ya sunkuya ta taga.

"Allah ya kiyaye hanya, Inna. A yafe mu."

Ba ta dube shi ba. Motar ta ja.

Tela yana komowa ya ga takalmi ƙafa ɗaya a tsakiyar lungun, na roba, ruwan ƙasa. Daga shanyayyar ƙafar ya zame, ba wanda ya lura. Ya ɗauka ya juya shi. Ƙasansa sabo fil, zanen bai goge ba ko kaɗan. Ya waiga bakin titi, babu tasi, sai wani mai kura yana tura jarkokin ruwa. Ya kaɗe ƙurar da ke saman takalmin da gefen rigarsa, ya ɗora shi a kan katanga, inda duk mai wucewa zai gani.