Wayoyi Biyun Tsakiya

Motar ta sake yin tari a daidai shataletale, ta zabura gaba, ta daƙile, bututun hayaƙinta ya buga ƙara kamar an fasa leda. Auta ta take totur har ƙasa, amma ina, sai jijjiga kawai, sitiyari na karkarwa a hannunta. Direban babbar motar da ke bayanta ya ɗora hannu a kan hon ya ƙi ɗagawa. Ta galla masa harara ta madubi, hararar da ba ta isa ko'ina ba, sannan ta lallaɓa ta gangara gefen titi kusa da rumfar wani mai faci. Tana tsayawa injin ya mutu.

Baba na kujerar gaba, hannunsa na dama da ya shanye yana kwance a cinyarsa. Da na hagun yake ta dukan gaban motar tun fitowarsu daga gida. Tun da ciwon ya same shi magana ta tafi, sai gurnani da guntayen kalmomi da ba sa haɗuwa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a tuƙin motocin haya, wanda in mota ta gifta yake faɗa maka abin da ke damunta, yau ga tasa tana kuka a kunnensa ba shi da bakin faɗa.

"Baba, don Allah ka bar dukan nan haka, kaina zai tsage," in ji Auta. Tana rufe baki ta ji kunyar kanta, amma haushin bai sauka ba.

Yau ce ranar gashin ƙashinsa a asibiti. Makon jiya sun yi fashi saboda wannan motar ta ƙi tashi, kuma ma'aikaciyar sashen ta ja mata kunne cewa mutane na layi suna jiran gurbi, in suka ƙara za a ba wani. Wanta kuwa, Yaya, dama abin da yake jira ke nan. Ya sha faɗa a waya cewa tela da ɗinki ya sha wa kai ba za ta iya jinyar tsoho ba, gara Baba ya koma wurinsa, can garin da yake aiki, inda bai san kowa ba sai bangon ɗaki. Duk lokacin da aka tayar da zancen sai Baba ya juya fuska ya ƙi cin abinci. Ita kuma da bakinta ta yi wa Yaya alkawari: in suka rasa gurbin nan, ba za ta ƙara musu ba.

Shi ya sa jiya da la'asar ta rufe shago da wuri, ta dawo gida, ta jingine wayarta a jikin gilashin motar, ta kunna bidiyon wani mai koya wa sababbin shiga kula da mota. Ta auna baƙin mai, ta ƙara ruwa a lagireto, ta kankare farin garin da ya taru a kan batir. Sannan ta ɗauko sifanar Baba daga tsohon akwatinsa na ƙarfe, ta zare wayoyin fulogi gaba ɗaya, ta kwance fulogan ta goge su tas da burushi. Mai bidiyon ya ce a riƙa cire waya ɗaya-ɗaya, amma a daidai wurin wata da ta kawo mata ɗinki ta kira tana masifa a kan wuyan rigarta. Da ta zo mayarwa sai ta ga wayoyi biyun tsakiya suna neman haye juna. Ita kuwa a duniya ba abin da ta tsana irin zare ya harɗe. Ta miƙar da su sambal, kowace ta sa ta a fulogin da ke gabanta, ta ja baya tana sha'awar aikinta. Ba ta tayar da motar ba, don Baba na barci kuma tagarsa na wurin.

Yanzu ga ta a bakin titi, gumi ya karyo mata, ta ɗaga murfin inji tana kallon abin da ba ta gane ba. Ta kira bakaniken unguwarsu. Ya ce yana kasuwar kayan gyara, ba zai dawo da wuri ba, amma daga yadda ta kwatanta ai misin motar take yi, wato wani ɓangaren injin ba ya cin wuta. Ko fulogi ne, ko mai, ko iska, ta kawo ta gobe. Ta ce fulogi dai ba shi ba ne, jiya ta wanke su da hannunta. Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙona mata rai, ya kashe wayar.

Mai faci ya taso yana goge hannu da tsumma. A ganinsa man da ake sayarwa yanzu duk ruwa ne, a tsiyaye tankin kawai. Wani mai wucewa ya tsaya ya rantse famfon mai ne, haka ta ƙaninsa ta yi kafin ta kama da wuta. Auta ta yi tsaki, ta bar su suna gardama, ta koma tsayar da tasi. Biyu suka tsaya, suna hango keken guragu a kujerar baya da tsohon da sai an ɗaga, suka ce ba hanyarsu ba ce. Na ukun ya yarda, amma ya ce ta yi sauri.

Da ita da mai faci suka kinkimo Baba daga kujera. Ta nufi tasi da shi, sai ta ji ya turje. Ya damƙe ƙofar motarsa da hannun hagu, yana jan jiki zuwa gaba, wajen injin. Ta roƙe shi, ta nuna masa agogo. Ko kallonta bai yi ba. Mai tasi ya gaji ya ja motarsa, ta bi shi da ido kamar ta kurma ihu.

"To shi ke nan, Baba. Mu je ka gani, hankalin kowa ya kwanta."

Suka ja shi a hankali har gaban motar. A asibiti sai mutum biyu sun yi da gaske kafin ya yarda ya miƙe, kuma nan da nan yake sulalewa. A nan kuwa ya dafa ƙarfen motar, ya kafa ƙafarsa mai lafiya, ya tsaya. Ya daɗe yana kallo, numfashinsa na fita da ƙyar. Ya ɗora yatsa a kan waya ɗaya ya bi ta tun daga tushe har fulogi, ya bi ta kusa da ita. Sai ya juyo ya dubi Auta, irin kallon da yake mata tana ƙarama in ta yi ɓarna ta share wurin. Ya ɗaga yatsu biyu, ya ɗora ɗaya a kan ɗaya.

Sai ta tuna da aikinta na jiya. Ta zare wayoyin nan biyu, injin na ƙona mata bayan hannu, ta gicciya su yadda ta same su jiya, mummuna, ɗaya bisa ɗaya. Ta shiga ta murɗa makulli. Motar ta tashi lafiya lau, ba tari ba jijjiga. Mai faci ya ce dama shi ma ya yi zargin wayoyin.

Sun isa asibiti rana ta take tsaka. Ma'aikaciyar ta saurare ta har ƙarshe, ba ta ɗaga murya ba, ta ce ta tausaya, amma an riga an kira wata mata da ta daɗe a layi, ga ta can ciki ana mata. Auta ta ce wallahi yau da ƙafarsa ya tsaya, ta gwada shi ta gani. Matar ta ce ta yi murna da jin haka, sai dai su sake shiga layi daga farko.

Suna cikin mota a harabar asibitin kiran Yaya ya shigo. Ba ta ɓoye masa ba, ta ce sun makara, gurbin ya tafi. Sai ta hau ba shi labari da sauri, don kada ya samu wurin magana: yadda Baba ya miƙe, yadda ya gano matsalar da ido kawai, yadda motar take tafiya yanzu ko sabuwa albarka. Yaya ya bari ta gama.

"To madalla," ya ce. "Tunda ta gyaru ba sai na baro aiki na zo ba. Ki haɗa masa kayansa, ranar Asabar ki kawo shi da ita."

Muryar ta fito sarai, Baba ya ji komai. Har suka iso gida bai ƙara taɓa gaban motar ba. Injin kuwa sai wani daɗin sauti yake yi kamar da gayya.

Ta tsaya a tsakar gida, ta zagayo da keken ta buɗe masa ƙofa. Ya ƙi sauko da ƙafa. Ya nuna murfin inji. Ta ce Baba ai ta gyaru, me kuma? Ya sake nunawa, sannan ya ɗaga yatsu biyu a harɗe, ya ware su a hankali yana kallon cikin idonta.

Ta saki keken.

"Ka san fa zai zo da tasa motar, Baba."

Ya gyaɗa kai. Bai sauke yatsun ba.

Auta ta ɗaga murfin, ta jira injin ya ɗan huce, ta zare wayoyin ta miƙar da su sambal kamar jiya. In Yaya na son ɗaukar Baba, to ya baro aikin, ya tako har tsakar gidan nan, ya tsaya a gabansa ya faɗa masa da bakinsa.