Allon da Yaya Ya Zaɓa

Shekara uku Abdul-Rauf yana loda wa mutanen zango kaya daga Guangzhou ta ƙasar China zuwa Gana, takalma ne, bokitai ne, fitilu ne, amma ba a taɓa aikensa sayen allo ba sai da faks ɗin ƙaninsa Isufu ya iso ofishinsa a benen Tianxiu. Isufu yana aiki a wani otal na bakin teku kusa da Akra, yana koya wa baƙi wasan nan da ake tsayawa kan allo, a riƙe ƙyalle, iska ta ja mutum bisa ruwa. Mai otal ya ce in damina ta shigo teku ta fara hauka, zai gwada ma'aikatansa uku ya riƙe ɗaya. Isufu kuwa ba shi da allon kansa.

Shafi biyu ya rubuto, har da zane. Abdul-Rauf ya karanta layi huɗu, ya yi tsaki, ya cusa takardar a aljihu. Yaron da ya goya ne yau zai koya masa sayayya?

Ya ɗauki Tankari, wani ɗan Maraɗi mai fataucin takalma, don shi ne mai ɗan jin yaren ƙasar. Awa biyu suna dahuwa a bas kafin su kai wata masana'anta a Panyu. Mai wurin ya fito da allo biyu: ɗaya siriri, hancinsa a ɗage, ɗaya faffaɗa kamar ƙyauren shago.

Tankari, wanda duk ruwan da ya sani bai wuce gulbin garinsu ba, ya ɗaga siririn da hannu ɗaya ya kwashe da dariya.

"Wannan ai kwali ne! Malam Abdul-Rauf, kaya nauyi ne. Shadda, tukunya, takalmi, ka taɓa ganin na ƙwarai marar nauyi?" Ya ciccibi faffaɗan yana nishi. "Yawwa. Ga kalite, kaya mai inganci."

Mai wurin ya girgiza kai. Ya nuna siririn, ya yi ta kaɗa hannu sama da ƙasa kamar raƙuman ruwa. Ya nuna faffaɗan, ya shimfiɗa tafinsa lumui, alamar ruwa kwance.

"Me yake cewa?" in ji Abdul-Rauf.

"Kwantai yake son sauke mana. Na san halinsu."

Ran Abdul-Rauf ya ɓaci. Ga zafi, ga yunwa, ga kwantena gobe za a rufe, ga mutum biyu kowa na jan sa gefe. Ya laluba aljihu ya zaro faks ɗin. Takardar faks kuwa ba ta shiri da zafi: gumi da zaman bas sun mayar da ita baƙa ƙirin, ko harafi ɗaya ba ya karantuwa. Komawa ofis a buga waya zai cinye yinin, shi kuma, a faɗi gaskiya, girman kai ba zai bar shi ya tambayi ƙaninsa ba. Ya dubi siririn ya tuna bakin mutanen zango, yadda za su ce yana China guda ya aiko wa ɗan'uwansa tarkace.

"A ɗaure mai nauyin," ya ce.

Da allon ya isa, Isufu ya bugo. "Yaya, ya iso lafiya. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi." Abdul-Rauf ya ji daɗi har ya kai Tankari cin nama.

Sai bayan damina ya kira shagon waya na unguwarsu, aka nemo masa ƙanwarsu Ayishatu. Ya tambaye ta labarin Isufu.

"Yana kasuwa, dako yake yi yanzu," ta ce. "Ba su riƙe shi ba. Allon nan na ruwa kwance ne, Yaya. Ranar gwaji sau huɗu yana dukan ruwa yana watsar da shi, a gaban mai otal."

"To me ya hana shi faɗa mini tun ranar da ya iso?" Abdul-Rauf ya daka mata tsawa. "Kurma ne ni? Da ban sake aiko wani ba?"

"Da wane baki? Kai fa ka zaɓa."

"Duk bakin tekun nan ba mai ara masa siriri?"

Ayishatu ta ce, "An ba shi, har biyu. Ya ƙi. Ya ce ba zai ajiye abin da yayansa ya aiko masa tun daga China ya hau na wani ba."