Dare Ɗaya ko A Hankali

Likitan baƙo ne, ba ya jin komai sai Turanci, shi ya sa aka ɗauko Malama daga makaranta da ƙurar alli a hannun rigarta. Ita ce babbar 'yar tela, ita kuma ke koyar da Turanci, don haka duk wata wahala mai Turanci a gidan a kanta take sauka.

Baba na zaune a bakin gadon gwaji yana murza gefen labule da yatsu biyu, yana duba ɗinkin. Inna na kan kujera, ta rungume jakarta kamar za a ƙwace.

Likita ya yi tambaya, Malama ta fassara. "Inna, wai mantuwar nan dare ɗaya ta zo, ko a hankali? Ya ce amsar ce za ta nuna masa inda zai duba. In dare ɗaya ce, wani lokaci ana samun magani."

Da ta sani, da ba ta ƙara wannan na ƙarshen ba.

"Dare ɗaya," in ji Inna. "Lafiyarsa ƙalau. Ran nan ne kawai ya fita sayen zare ya kasa gane hanyar gida."

Malama ta dubi takalmanta. Ta laluba zuciyarta ko za ta sami fushi ko tausayi, ba ta sami ko ɗaya ba. Abin da ta tuna shi ne wuyan rigar da Baba ya ɗinka a baibai, tun ƙanenta na makaranta, ga shi yanzu har ya tara gemu. Ta tuna Inna na warware ɗinkin da reza idan Baba ya shiga cin abinci. Matar da a da ko zaren keke ba ta iya sawa ba, sai ga ta tana taka keken a ɓoye don kada masu kaya su gane. Sun gane. Ɗaya bayan ɗaya suka daina zuwa.

Turanci kuwa, a ba shi abinsa, ya iya wannan harka. Yana da kalmomin da ke tafiya biyu-biyu kamar 'yan rakiya, ɗaya ta ce sannu a hankali, ɗaya ta ce ƙasa ake yi. Babu mai laifi a ciki, babu ranar da za a nuna da yatsa. Ta sha rubuta su a allo tana sa yara su gwada su da ruwan rijiya ko hasken fitila. Ba ta taɓa sa ubanta a tsakaninsu ba. Yanzu ta sa shi, ta faɗa wa likita, jimlar ta fito sumul, ko kuskure ɗaya babu.

Likita ya ajiye biro. Ya maimaita mata kalmomin nata, ya ƙara musu wata da ke nufin abin ba ya komawa baya. Ya ce duk da haka za a yi gwaji.

"Ni kalma biyu na faɗa," in ji Inna. "Ke kin yi ta zuba."

"Haka Turanci yake, Inna. Tsawo gare shi."

"Me ya ce?"

"Ya ce za a yi gwaji."

Inna ta daɗe tana kallonta. Sannan ta tashi ta zare labulen daga hannun Baba, ta sa masa takalmi.

A baranda Baba ya yi gaba, yana gaida duk wanda ya gani. Inna ta rage tafiya har suka jera, amma ba ta juyo ba.

"Tunda kin faɗa masa, shi ke nan," ta ce. "Gobe ki zo da wuri, ke za ki sa masa kaya. Ya daina yarda in shiga ɗakinsa. Wai ni matar mutane ce."

"To, Inna," in ji Malama.