Murnar da Gavino Ya Haɗiye

Tun yana saurayi ƙungiyarsa ta ƙwallon ƙafa take ba da Gavino aro ga wasu ƙungiyoyi, bana a yankin Puglia, baɗi a Calabria, har ya fara furfura bai taɓa cin ƙwallo ba. Ranar da ya ci, a ragar iyayen gidan nasa, waɗanda suka ba da shi aro, ta faɗa. Ɗan aro kuwa ba ya murna in ya ci masu shi, sai ya ɗaga hannuwa yana neman gafara. Haka Gavino ya yi.

Bayan wasa ya je wurin shugaban iyayen gidan nasa.

"Ranka ya daɗe, a yafe mini."

"Haba Gavino, ba ka karanta yarjejeniyar ba? Tunda ka buga rabin kakar wasa ka zama na waɗanda suka are ka."

Ya ruga fili don ya rama murnarsa, ya tarar 'yan kallo sun watse.