Akwatin Ɗinkin Inna

Shekara ashirin da biyu Yaya tana sana'ar ƙimanta tsofaffin kaya. Masu tara kayan tarihi na garuruwan kewaye ba sa sayen tasa ko takobi ko hoton fenti sai ta duba ta sa hannu a takarda. Ofishinta ɗaki ɗaya ne a saman shagon mai gyaran takalma: tebur da baƙin ƙyalle a kansa, fitila mai lanƙwasasshen wuya, ƙaramin sikeli, sai gilashin ƙara girma da take ratayawa kamar sarƙa.

Wata Talata da hantsi sai ga ƙanwarta, autar gidansu, da abu nannaɗe cikin tawul. Akwatin ɗinkin mahaifiyarsu ne, mai koren fenti. Ranar rabon kayan marigayiya Yaya ce ta fara zaɓe, ta ɗauki agogon bango da kofunan tangaran, ta bar wa Auta akwatin, har da tsokanar cewa ga gidan maɓallai ta samu. Yanzu wani abokin mijin Auta ya gan shi a falo ya nace sai an sayar masa, shi ne ta zo ta ji ko mutumin da hankalinsa.

Yaya ta yi dariya, ta sa safar hannu don dai sabo. Ta jiƙa auduga da ruwan cire fenti ta goga a kusurwa ɗaya. Dariyar ta tsaya. Ƙarƙashin koren nan baƙin katako ne, an saƙa siraran zaren azurfa a jikinsa. Ta buɗe murfin, ta kai gilashi kusa da maratayi, sai ga tambarin wani maƙeri da sau biyu kacal ta taɓa ganin aikinsa, duka biyun a kulle cikin gilashi.

A kan akwatin nan take zama ana yi mata kitso tun tana 'yar shekara biyar. Ta dubi Auta, wadda ba ta iya bambance azurfa da gwangwani, tana ta latsa waya abinta.

"Inna ta ce kakarta ce ta shafa fentin, don kada ɓarayi su gane," in ji Auta, ko kai ba ta ɗago ba. "Na ɗauka labari ne kawai."

"Ke ta gaya wa?"

"Lokacin da nake jinyarta. Ba ta gaya miki ba, Yaya?"

Wannan ya fi azurfar ciwo. Yaya ta ce wa Auta ta bar akwatin ta dawo jibi.

Kwana biyu tana kai-kawo da shi. Ta rubuta rahoto mai cewa kwaikwayo ne na baya-bayan nan, ta karanta ta yaga. Ta shirya yadda za ta ce wa Auta su yi musaya da agogon, tunda ita ce babba, ta ji kunyar kanta tun kafin maganar ta fito. A ƙarshe ta rubuta gaskiya, ta danna hatimi da ƙarfin da sai da takardar ta huje.

Auta ta karanta adadin kuɗin da aka ƙimanta akwatin sau biyu, ta dafa tebur. Sai ta ce ai kuwa ba za ta sayar ba, tunda abin da Inna ta faɗa gaskiya ne. Ta rungume yayarta tana godiya, Yaya ta tsaya ƙiƙam, hannuwanta a gefe.

Labarin ya bazu. Masu tara kaya suka dinga kiran Yaya ta lallashi ƙanwarta, ita kuma tana ce musu ba ruwanta. Sau uku Auta ta gayyace ta cin abinci, sau uku ta ce aiki ya yi yawa. A na huɗu ta je, ta zaɓi kujerar da ke fuskantar taga don ta ba akwatin baya, ta yi hira sosai, har ta yaba sababbin labulaye.